Sun zo layin kaji sun goga auduga a tebur, ba su kama kaza ko ɗaya ba. Wai meye amfanin wannan?

Dan_Layin_Kaji:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Masu ilimin abin ku taimaka min. Talatar makon jiya da sassafe wasu ma'aikatan dabbobi su uku suka shigo layinmu na 'yan kaji, da takunkumi da safar hannu, ɗaya na rataye da kula irin ta ƙanƙara. Shugaban layi ne ya shigo da su. Na zaci kaji za su duba. Sai na ga sun zaro tsinke mai auduga a kai suna gogawa a katakon da muke sara nama, da ƙasan keji, da bakin injin figa, har da kwatar da ruwan jini ke bi. Ɗaya ya ɗebi ruwan shan kaji a 'yar kwalba. Kaza ko ɗaya ba su kama ba. Da na tambaya aka ce wai murar tsuntsaye ake nema. To tebur yana mura ne? Yau kwana tara ke nan ba mu ji komai ba. Wasu a layin suna cewa shirin rufe kasuwa ne. Shekarata 14 a wannan sana'a ban taɓa ganin irin haka ba.

Sarkin_Zakaru:
Wa alaikumus salam. Kuɗin aiki aka fitar, dole a nuna an yi wani abu. Ka ci gaba da figarka.

Likitar_Gona:
Wa alaikumus salam Malam. Tambayarka mai kyau ce, kuma abin da suka yi aiki ne na gaske, ba wasa ba. Ka yi lissafi: kaji nawa ke shiga layinku a yini? Daga gonaki nawa, daga ƙauyuka nawa? In suka kama kaza goma suka gwada, labarin goman nan kawai suka samu. Amma katakon saranka duk kazar da aka yanka tun asuba ta bar wani abu a kai. Ruwan sha ma haka, kowace kaza a kejin ta tsoma baki a ciki. Ƙwayar cutar tana fita ta majina da yawu da kashi, tana maƙalewa a gashi da jini. Shi ya sa auduga ɗaya da aka goga a kwata ta fi kaji da yawa ba da labari. Ga shi ba a takura maka ba, ba a ɓata maka ciniki ba, ba wanda ya kama maka kaza ya tura mata tsinke a maƙogwaro mai saye na kallo.

An yi irin wannan a Indonesiya, aka bi kasuwannin kaji 83 ana goge wurare, aka samu alamar H5N1, wato wani mugun nau'in murar tsuntsaye, a 39 daga ciki. Kuma inda aka fi samu shi ne wajen yanka da figa, ba wajen da kaji ke tsaye ana ciniki ba.

Dan_Layin_Kaji:
Na gode likita. Amma kajinmu lafiyarsu ƙalau, babu mai tari babu mai gyangyaɗi. Kazar da ke da wannan ciwo ai ba ta ɓuya.

Likitar_Gona:
A gona ba ta ɓuya, gaskiyarka. A kasuwa kuwa tana ɓuya, don kazar ba ta daɗewa. Ta shigo da ƙwayar yau, gobe an yanka ta kafin ta nuna komai, amma ta riga ta bar abin a keji, sabuwa ta shigo ta ɗauka. Sannan ga agwagi. Agwagwa tana iya ɗauke da ita tana yawonta ƙalau. A 2008 a kasuwar tsuntsaye ta Gombe a jikin agwagi aka gano ta, kuma ba don wani ya kawo ƙara ba, sintiri ne kawai. Wani nau'in nata, H5N6, ma da aka fara gani a ƙasar nan a 2019, a jikin agwagwa ne a kasuwa a Sakkwato.

Baba_Mai_Agwagi:
To ga shi nan, an dawo kan agwagwa. Duk abin da ya faru a duniyar tsuntsaye agwagwa ce. Shekara talatin ina kiwonsu ko ciwon kai bai taɓa kama su ba.

Ummu_Leyas:
Baba ai abin da likita ke faɗa ke nan, su ba ya kama su, maƙwabta suke rabawa 😂

Injiniya_Buroila:
Ni abin da nake so a fayyace: in an ce an samu a tebur, yana nufin cutar na nan da rai? Don na taɓa jin cewa na'urar gwajin tana iya ganin matacciyar ƙwaya.

Dan_Dakin_Gwaji:
@Injiniya_Buroila ka taɓo wajen. A ɗakin gwaji nake aiki, ba na dabbobi ba, amma hanyar ɗaya ce. Gwajin PCR ba ya neman ƙwaya mai rai, sawunta yake nema, wato guntun ƙwayar halittarta. Ko an zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta ta mutu, sawun na iya saura na ɗan lokaci a gan shi. Kamar ka tashi da safe ka ga sawun kura a bakin garke: ka san ta zo, ba ka san ko tana nan ba. In ana so a tabbatar tana da rai, sai a yi allurar samfurin a cikin ƙwai mai ɗan tayi na kwana 9 zuwa 11 a ga ko za ta hayayyafa. Wannan sai babban ɗakin gwaji, irin na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Filato.

Kuma a sani, in sakamako ya ce ba a samu ba, ba shi ne babu ba. In ƙanƙarar kular nan ta narke a hanya, ko motar ta kwana a rana, samfurin ya lalace. Tsinken ana saka shi ne a wani ruwa na musamman cikin 'yar kwalba, kuma dole ya kasance cikin sanyi har ya isa. Galibi ma ana haɗa tsinke kamar biyar a gwada su tare don rage kuɗi, sai in an ga alama a koma a bi diddigi.

Sarkin_Zakaru:
To in an samu ba tabbas, in ba a samu ba ma ba tabbas. Me aka yi ke nan?

Dan_Dakin_Gwaji:
Ranka ya daɗe, zuwa ɗaya ba ya ba da amsa. Amfaninsa a maimaitawa yake. In duk wata ana zuwa wuri ɗaya, wata shida shiru, rana ɗaya aka ga kwalabe bakwai sun nuna, ka san wani abu ya shigo gari kafin gonaki su fara zubewa. In kuwa sau ɗaya aka zo aka ɗau hoto aka tafi, to ina bayanka.

Alhaji_Mai_Gona_Kd:
Bari in sa baki, don wasu a nan suna yara lokacin. Ina cikin harkar a 2006 da abin ya fara. A wata babbar gona a Jaji aka fara tabbatarwa, cikin Fabrairu, kuma shi ne karo na farko da aka ga H5N1 a kajin Afirka. Kaji sun yi makonni suna mutuwa ana ta tunanin wani ciwon ne, sai da samfur ya je har Italiya aka tabbatar. Kafin nan ta riga ta watsu. Ni kaina na yi asarar leyas, wato kajin ƙwai, kusan 3,000 a cikin kwana huɗu. Ka shiga da safe ka tarar da su a kwance, tukku da leɓatu sun yi baƙi-baƙi, ƙafa kamar an ɗaure ta jini ya taru. Ba a gona ta makwabta na ɗauko ba, har yau zargina yana kan kiret ɗin ƙwai na kwali da dillali ke dawo min da su daga kasuwa. Da a lokacin akwai mai zuwa ya goga auduga a kiret ya ce min Alhaji hattara, da na yi masa kyautar rago.

Saboda haka Malam mai tambaya, kar ka kore su. Amma ku matsa a ba ku sakamako.

Ummu_Leyas:
Allah ya mayar da alheri Alhaji. An biya ku diyya kuwa?

Alhaji_Mai_Gona_Kd:
Amin Hajiya. A farko naira 250 aka yanka kan kowace kaza, kuma wadda hukuma ta kashe da hannunta ake lissafawa, wadda ta riga ta mutu ba ta ciki. To ni kafin su iso saura kaɗan suka rage. Daga baya an gyara farashin, amma mutane sun riga sun koyi darasi mara kyau: in ka ga sun fara faɗuwa, kira dillali ya fi kiran likita.

Mai_Gaskiya_Daci:
Yauwa! Nan ne maganar take, sauran duk zagaye ne. Ku goge tebur har ya yi ƙyalli, matuƙar mai gona ya san in ya kai rahoto za a kashe masa kaji a bar shi da takarda a hannu yana sintiri a ofis, to cikin dare zai loda su a mota. Ina suke zuwa? Layin su Dan_Layin_Kaji. Kar wanda ya ce bai san ana kawo kaji rabin kuɗi da asuba ba.

Dan_Layin_Kaji:
Malam kar ka yi mana kuɗin goro. Akwai masu saye, ban musa ba, amma ni kazar da ta sunkuyar da kai ba ta shiga kejina. Matsalar ita ce injin figa ɗaya muke amfani da shi mu kusan goma, tukunyar ruwan zafi ma ɗaya ce.

Likitar_Gona:
To ka ga ka amsa tambayarka da kanka. Kajinka lafiya, amma injin na kowa ne. Shi ya sa suka goga a bakinsa. Injin nan in yana juyawa yana fesa ruwa da gashi da ƙura, mai tsaye a kansa yana shaƙa. Ruwan tukunya kuma in ya huce ana ta tsoma kaji ba a canzawa, ba ya kashe komai, tara datti kawai yake.

Yar_Zinder:
Sannunku da muhawara. Daga Damagaram nake bin ku. Mu ma a 2006 ɗin nan ta same mu, a Magarya, wajen ƙarshen Fabrairu, kuma kowa ya san Magarya da iyaka kamar hanci da baki ne. Zabi da kaji suna tsallakawa kowace ranar kasuwa, a kan babur cikin kwando. Mu samfur sai an kai Yamai. Ina ganin in za a riƙa wannan goge-goge, kasuwannin bakin iyaka ya kamata a fi ba ƙarfi, don kwandon da ya kwana a nan gobe yana can.

Dan_Gashua:
Ana ta maganar kasuwa an manta da asalin masu kawo ta. Ku zo dausayin Hadeja da Nguru lokacin hunturu ku ga tsuntsayen da ke sauka daga Turai, wajen Dagona kamar an shimfiɗa tabarma. Agwagin gida suna shiga ruwa ɗaya da su. In gwaji ake so, a zo a ɗebi kashinsu a bakin ruwa.

Injiniya_Buroila:
@Dan_Gashua ana yi ai, masu bincike suna ɗibar kashin tsuntsayen daji. Amma tsuntsun Turai ba shi ke shiga gonata ba. Mai sayen taki ne ke shiga, da buhunan da ya kwaso daga gona uku kafin tawa.

Ummu_Leyas:
Wallahi ka tuna min. Masu kashin kajin nan! Lokacin noman rani har rububi suke. Bara wani ya shigo min har ƙofar ɗakin kaji da kura da buhuna jiƙe, yaron gona ya bar shi don ya saba ba shi na goro. Ranar na kusa korar yaron. Yanzu a waje muke tara musu, su tsaya bakin ƙofa. Likita, wai kwana nawa abin ke yi a cikin kashi?

Likitar_Gona:
Ya danganta da sanyi da laima Hajiya. An nuna H5N1 tana kai kwana 35 a kashin tsuntsu in wurin da sanyi kamar na firji, a zafi kamar na jikin mutum kuwa kamar kwana 6. Rana da bushewa suna kashe ta, sanyi da danshi suna rainonta. Shi ya sa ake yawan ganinta da hunturu. Ku duba: dawowarta ta 2015 a Janairu ne aka sanar, Kano da Legas, kuma kasuwannin kaji na cikin wuraren da aka fara ganinta. Ta 2021 ma farkon shekara ce. In kina da hali, ki tara kashin ki rufe shi da leda ya yi zafi ya ruɓe na wasu makonni kafin ya fita.

Sabon_Shiga_2024:
Don Allah tambaya, ni sabo ne, buroila (kajin nama) 200 nake da su a bayan gida. Ya zan bambanta wannan da ciwon kaji na Niyukasil? Kuma in na zuba Izal a ruwan tsoma ƙafa ya isa?

Alhaji_Mai_Gona_Kd:
Yaro da ido ba za ka bambanta ba, likitoci ma sai sun gwada. Mu abin da ya cuce mu ke nan. In ka yi rigakafin Niyukasil yadda ya kamata amma ka ga suna zubewa da yawa cikin kwana ɗaya biyu, rufe ƙofa, kar ka fitar da ko gashi, ka kira likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku.

Likitar_Gona:
@Sabon_Shiga_2024 maganin ba shi ne matsala ba, dattin ne. Ƙwayar nan tana da rigar kitse, sabulu da omo ma suna farfasa ta. Amma ko maganin kashe ƙwayoyin cuta irin Virkon ka zuba a kan kashi da taɓo, ka yi asarar kuɗinka. A kankare, a wanke da omo, sannan a sa magani a bar shi ya ɗan jima. Ruwan tsoma ƙafa da ya kwana uku ya koma kunu ba ya kare komai. Mafi sauƙi ka ajiye takalmin roba ɗaya wanda ba ya fita daga ɗakin kajin.

Mai_Gaskiya_Daci:
Duk wannan wahalar me ya sa ba za a bar mu mu yi allurar rigakafi ba kawai? Masar suna yi.

Injiniya_Buroila:
Masar suna yi tun 2006 kuma har yau ba su rabu da ita ba. A nan gwamnati ba ta amince da rigakafin murar tsuntsaye ba, tsarinta a kashe, a binne, a yi feshi. Hujjarsu ita ce kazar da aka yi wa allura tana iya ɗauka ba ta mutu ba, ta ci gaba da zubarwa a ɓoye. Ban ce na gamsu ɗari bisa ɗari ba, amma in ma an yarda da allurar, to goge-gogen nan sai ya ƙaru, tunda mutuwar da ke tona asiri ta ragu.

Mai_Gaskiya_Daci:
Wanda bai taɓa binne kaji dubu ba shi ke da bakin kawo hujja.

Admin_Zauren_Kiwo:
Jama'a a yi haƙuri, maganar rigakafi mun yi ta a wani zaren har ta kai ga zage-zage. A koma kan tambayar bawan Allah: in an samu a kasuwarsu, rufewa za a yi ko me?

Malama_Lafiyar_Jamaa:
Ni ta ɓangaren mutane nake aiki. Ba dole ne a rufe ba. Abin da aka fi yi shi ne a kwashe, a wanke, a yi feshi, a bi inda kajin suka fito. Hong Kong misali ce mai kyau. A 1997 mutum 18 suka kamu, 6 suka rasu, aka kashe kajin garin gaba ɗaya sama da miliyan. Daga baya ba su hana sana'ar ba, sai suka sa ranar hutu a wata, daga 2001: a sayar ko a yanka duk abin da ke keji, a wanke kasuwa fes, washegari a kawo sababbi. A 2008 suka hana kaza mai rai kwana a kasuwa. Kuma gwajin da ake yi kafin hutu da bayansa ne ya nuna musu abin yana aiki.

Inda aka rufe gaba ɗaya, kamar Shanghai a Afrilun 2013, mutane ne ke ta mutuwa da wani nau'in murar tsuntsayen mai suna H7N9, kajin kuwa ba su nuna ciwo ko kaɗan ba. A nan ne goge keji da kwata ya zama kusan hanya ɗaya ta sanin kasuwar da ke da ita.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. A Janairun 2007 wata budurwa mai shekara 22 ta rasu da H5N1 a Legas. Kamuwar mutum ba ta da yawa, kar a firgita, nama da ƙwai in sun dahu sosai babu komai. Haɗarin yana kan mai yanka da mai figa da mai kwashe matattu. Malam Dan_Layin_Kaji, kai da yaranka ne a gaba, ba mai cin farfesu ba.

Dan_Layin_Kaji:
Malama na ji, amma ranar hutu a layinmu? Wa zai ciyar da yaran figa ranar? Kuɗin yini suke ci. Kuma kazar da ta rage da yamma in na yanka ina zan ajiye, da wace wutar? Ruwan wanki ma a kura muke saye, jarka-jarka. Ƙasan wajen ba siminti, katakon saran nan tun na maigidana ne, duk ya tsattsage.

Likitar_Gona:
Katakon nan da za ka iya rabuwa da shi da ka rage rabin matsalarka, jini yana shiga tsagar ba ya fita. Ko faranti na ƙarfe ka sa a kai. Kuma ku raba kejin agwagi da na kaji, wannan ba ya cin ko sisi.

Baba_Mai_Agwagi:
An sake dawowa kansu.

Sarkin_Zakaru:
Ni har yanzu ina nan kan bakata. Kwana tara ba sakamako. Gwajin da Dan_Dakin_Gwaji ke faɗa kwana nawa yake ci?

Dan_Dakin_Gwaji:
In samfur ya isa kuma akwai kayan aiki, yini ɗaya zuwa biyu. Amma na sintiri ba a gaggauta shi kamar na gonar da kaji ke mutuwa, sukan tara su su yi gaba ɗaya. Kuma sakamakon ofis yake komawa, ba kasuwa ba. A nan kam ina ganin akwai gyara. Mutum ya bar ka ka taɓa kayan sana'arsa, ko "ba mu ga komai ba" ai ka koma ka faɗa masa.

Yar_Zinder:
Haka ne. Mu ma in an zo an ɗiba ba a dawowa. Gobe in sun sake zuwa sai mutane su ɓoye agwagin a bayan rumfa.

Dan_Layin_Kaji:
Na nuna wa shugaban layi wannan zaren. Ya kira lambar da suka bar masa, an ce samfurin ya tafi, a jira, kuma za su dawo wata mai zuwa su sake ɗiba. Mun yi magana da mutum huɗu cikin masu injin, mun yarda duk daren Alhamis za mu haɗa kuɗin ruwa da omo a wanke shi da tukunyar. Sauran sun ce sai sun ga takarda. Likita, farantin ƙarfen da kika ce, na maƙera zai yi ko sai wanda ba ya tsatsa? Don wuƙa tana dakushewa a kan ƙarfe, yaran ba za su so ba.

Injiniya_Buroila:
Nemi farin allon roba mai kauri irin na mahautan manyan kantuna, ba ya cin wuƙa. Sai dai ban san nawa yake yanzu ba, wanda ya saya kwanan nan ya faɗa mana.